BABI NA UKU: ZAZZAƁI DA DAMINA A TAFIYE-TAFIYEN TURAWA ZUWA KOGIN KWARA, 1805-1864

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi nazarin irin haɗarin da matafiya suke fuskanta ta fuskar lafiya a ƙasashe masu zafi, ta hanyar ɗaukar misali guda ɗaya, wato tafiye-tafiyen da Turawan Ingila suka yi zuwa Kogin Kwara da ƙasar Hausa a ƙarni na 19. An zaɓi wannan misali ne saboda dalilai biyu. Na farko, matafiyan sun bar rubuce-rubuce masu yawa waɗanda suka nuna adadin mutanen da suka fita da kuma adadin waɗanda suka koma gida. Na biyu kuwa, abin da ya faru a wannan lokaci yana da alaƙa da kafuwar mulkin mallaka a Arewacin Nijeriya.

Tun daga shekarar 1805 har zuwa 1841, kusan kowace tawagar Turawa da ta nufi wannan kogi sai ta rasa mutane masu yawa, wasu lokuta ma mafi yawansu. Amma a shekarar 1854 wata tawaga ta shiga kogin a tsakiyar damina, ta yi kusan wata huɗu a ciki, ta fito ba ta rasa ko mutum ɗaya ba. Tun da zafi da ruwan sama da fadamun bakin kogi suna nan yadda suke a 1841, ya zama wajibi a nemi dalilin wannan bambanci a wani wuri. Babin zai nuna cewa abin da ya halaka matafiyan farko shi ne haɗuwar abubuwa uku, wato lokacin da suka yi tafiya, da kuskuren fahimtar musabbabin cutar, da kuma irin maganin da likitocinsu suka yi amfani da shi.

3.1 Yanayin Ƙasa da Lokutan Tafiya

A ƙasar Hausa shekara ta kasu zuwa bazara da damina da kaka da rani, kuma ruwan sama yakan kankama ne daga wajen watan Yuni zuwa Satumba. Idan aka gangara kudu zuwa bakin teku damina ta fi haka tsawo, domin a yankin da Kogin Kwara ya rarrabu kafin ya shiga teku ana samun ruwa a mafi yawan watannin shekara. Wannan yanayi na zafi da laima shi ne ya fi dacewa da rayuwar sauron da ake kira anofilis, wanda macensa take ɗaukar ƙwayar zazzaɓin cizon sauro daga jinin mai ɗauke da ita zuwa jinin mai lafiya. Sauron yana ƙwai ne a cikin ruwan da ya kwanta, kamar kududdufi da gefen fadama, har ma da ɗan ruwan da ya taru a sawun kofaton shanu. A lokacin zafi, mako ɗaya zuwa biyu ya isa ƙwai ya zama sauro mai tashi. Haka kuma ita kanta ƙwayar cutar tana bukatar ɗumi kafin ta kammala girma a cikin jikin sauron. Saboda haka ne cutar takan yi ƙamari a damina da farkon kaka, ta kuma lafa a lokacin hunturu.

Matsalar da ta fuskanci masu son shiga ƙasar ta ruwa ita ce, Kogin Kwara da na Binuwai ba sa ɗaukar manyan jirage sai lokacin da suka cika, wato daga wajen watan Yuli zuwa Oktoba. Da zarar ruwa ya janye sai tudun yashi da duwatsu su bayyana, jirgi ya kafe. Ke nan lokacin da kogin yake buɗe wa jirgi hanya shi ne lokacin da sauro ya fi yawa a bakinsa.

Mutanen ƙasa kuwa sun daɗe da daidaita tafiye-tafiyensu da yanayi. Fataken Hausawa masu zuwa Gwanja neman goro sukan tashi ne bayan an ɗauke ruwa, lokacin da rafuka suka janye, hanya ta bushe. Su ma Fulani makiyaya sukan gangara kudu da rani, su hauro arewa da damina domin guje wa ƙudan tsando. Bugu da ƙari, mutumin da ya girma a inda cutar take yakan samu wata garkuwa a jikinsa sakamakon yawan kamuwa da ita tun yana ƙarami. Sai dai wannan garkuwa tana da tsada ƙwarai, domin yara da yawa suna mutuwa kafin su kai shekara biyar, waɗanda suka tsira ne kaɗai suke samun ta. Baturen da ya sauka daga jirgi yana baligi ba shi da wannan kariya ko kaɗan.

3.2 Fahimtar Likitocin Turai Game da Zazzaɓi

A farkon ƙarni na 19 babu wani likita da ya san cewa sauro ne yake yaɗa wannan cuta. Ra'ayin da ya fi karɓuwa shi ne, zazzaɓi yana samuwa ne daga gurɓatacciyar iska da ke tashi daga fadamu da ruɓaɓɓun ganyaye, musamman da dare. Ita kanta kalmar maleriya daga harshen Italiyanci take, kuma ma'anarta ita ce mummunar iska. Wannan ra'ayi yana da ɗan tushe, domin likitocin sun lura cewa cutar ta fi yawa kusa da fadama, da lokacin damina, da kuma tsakanin waɗanda suka kwana a tudu maimakon cikin jirgi a teku. Abin da suka lura da shi gaskiya ne, fassarar da suka yi masa ce ta kauce.

Adadin mace-macen da aka samu ya sa Turawa suka laƙaba wa gaɓar Afirka ta Yamma suna kabarin farar fata. Masanin tarihi Philip Curtin, wanda ya yi nazarin rahotannin rundunar sojan Ingila, ya nuna cewa tsakanin 1819 da 1836, a cikin kowane sojan Bature 1,000 da ke Saliyo, kimanin 483 suke mutuwa a shekara. A gaɓar ƙasar da ake kira Gana a yau kuwa adadin ya kai 668 tsakanin 1823 da 1826. Ban da zazzaɓin cizon sauro, akwai zazzaɓin shawara da kuma ciwon atuni da ake samu daga gurɓataccen ruwan sha, kuma likitocin lokacin ba su cika bambanta zazzaɓin biyu ba.

Wani abin lura shi ne, maganin cutar ya riga ya isa Turai tun ƙarni na 17. Shi ne ɓawon wata itaciya mai suna sinkona da ke fitowa a tsaunukan Kudancin Amurka, kuma likitan sojan ruwa James Lind ya ba da shawarar amfani da shi tun a ƙarni na 18. Amma ɓawon yana da ɗaci, ƙarfinsa kuma ba ɗaya ba ne, ga shi ba ya yi wa zazzaɓin shawara komai. Don haka a farkon ƙarni na 19 likitocin Ingila da yawa suka juya masa baya, musamman bayan littafin da James Johnson ya wallafa a 1813 a kan tasirin yanayin ƙasashe masu zafi a jikin Turawa. Hanyar da suka koma bi ita ce tsaga jijiyar majinyaci a zubar da jini mai yawa, sannan a ɗura masa kalomel, wani magani mai ɗauke da zaiba, har sai dasashinsa ya kumbura, miyau ya riƙa dalala. Alhali ita ƙwayar zazzaɓin cizon sauro jajayen ƙwayoyin jini take fasawa, ta bar mutum da ƙarancin jini. Zubar da jinin irin wannan majinyaci daidai yake da abin da Hausawa ke cewa ana kukan targaɗe sai ga karaya.

3.3 Tafiye-tafiyen Ƙasa

Mungo Park, wanda shi kansa likita ne, ya fara ganin Kogin Kwara a Segu ta ƙasar Mali a 1796. A 1805 gwamnatin Ingila ta sake tura shi domin ya bi kogin har inda ya ƙare. Saboda jinkirin shirye-shirye bai bar yankin Kogin Gambiya ba sai farkon watan Mayu, lokacin da damina ta ƙarato. Ya san da haka, amma ya zaɓi ya tashi maimakon ya jira wata shida ko bakwai. A watan Yuni hadari ya fara saukowa da iska mai ƙarfi, kuma cikin 'yan kwanaki sojojinsa suka fara kwanciya da zazzaɓi da atuni. Rafuka suka cika, jakuna suka gaza, aka riƙa barin marasa lafiya a ƙauyukan kan hanya. Daga cikin Turawa 44 da suka tashi, 11 kaɗai suka isa bakin kogin a Bamako a watan Agusta. Lokacin da suka shiga jirginsu a Sansandin a watan Nuwamba saura mutum 5 har da shi Park ɗin, waɗanda daga baya ragowarsu suka halaka a Busa a farkon 1806. Ke nan kafin a kai ga faɗan da aka yi a Busa, cuta ta riga ta cinye kusan dukkan tawagar.

Tawagar da ta biyo baya ta shigo ne ta arewa. Dixon Denham da Hugh Clapperton da likita Walter Oudney sun taso daga Tarabulus a 1822, suka ƙetare hamada suka isa Barno a 1823. A watan Disamba na wannan shekara Clapperton da Oudney suka kama hanyar Kano a tsakiyar hunturu. Clapperton ya rubuta cewa sanyi ya yi tsanani har ruwan da ke cikin ƙananan mazubai ya daskare da asuba. Oudney, wanda dama yake fama da ciwon ƙirji, ya rasu a Murmur kusa da Katagum a watan Janairun 1824. Wannan ya nuna cewa haɗarin yanayi a wannan yanki bai tsaya ga zafi da damina kaɗai ba, domin sanyin hunturu da ƙurarsa suna da nasu illar ga huhu. Clapperton ya wuce Kano, inda ya lura da yadda fadamar Jakara da kududdufai suke a tsakiyar birni, sannan ya isa Sakkwato a watan Maris ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Sarkin Musulmi Bello malami ne da ya yi rubuce-rubuce a kan ilmin magani, kuma daga cikin abubuwan da ya nema har da a turo masa likita.

A tafiyarsa ta biyu Clapperton ya shigo ta Badagiri a watan Disamban 1825. Kafin watan ya ƙare abokan tafiyarsa biyu, Kyaftin Pearce da likita Morrison, sun mutu da zazzaɓi a ƙasar Yarabawa, ɗaya likitan mai suna Dickson kuma ya bi ta Dahome bai dawo ba. Shi kansa Clapperton ya rasu a Sakkwato ranar 13 ga Afrilun 1827 bayan doguwar jinya. Baransa Richard Lander ne ya koma gida, kuma shi ne tare da ƙanensa John suka bi kogin a kwalekwale a 1830, suka tabbatar cewa a tekun Atilantika yake zubawa.

Har ila yau, tawagar da ta ƙunshi James Richardson da Adolf Overweg da Heinrich Barth, wadda ta bar Tarabulus a 1850, ita ma ta gamu da irin wannan asara. Richardson ya rasu a Ngurutuwa ta ƙasar Barno a watan Maris na 1851, Overweg kuma a bakin Tafkin Chadi a watan Satumban 1852. Barth, wanda mutanen ƙasa suka sani da suna Abdulkarim, shi kaɗai ya koma Turai a 1855, bayan ya sha fama da zazzaɓi a Kano da wasu wurare.

3.4 Jiragen Ruwa: Tafiyoyin 1832 da 1841

Gano bakin kogin ya sa 'yan kasuwar Ingila suka yi zaton hanya ta buɗe. A 1832 Macgregor Laird ya taho daga Libaful da jirage biyu masu aiki da tururi, Quorra da Alburkah, waɗanda sunayensu suka samo asali daga Kwara da albarka. Sun shiga kogin a watan Oktoba, lokacin da ruwa ya fara janyewa, saboda haka ɗaya daga cikin jiragen ya kafe kusa da mahaɗar Kwara da Binuwai, ya yi watanni a wurin. Daga cikin Turawa 48 da suka yi wannan tafiya, 9 kaɗai suka tsira, kuma cinikin da aka je dominsa bai samu ba.

Tafiyar 1841 ta fi wannan girma da shiri nesa ba kusa ba. Thomas Fowell Buxton da ƙungiyar masu yaƙi da cinikin bayi ne suka shawo kan gwamnati ta tura jirage uku, Albert da Wilberforce da Soudan, ƙarƙashin jagorancin Kyaftin H. D. Trotter. Manufar ita ce a ƙulla yarjejeniya da sarakunan bakin kogi su daina sayar da bayi, a kuma kafa gonar gwaji a inda Lakwaja take a yau. A cikin tawagar akwai Samuel Ajayi Crowther da kuma J. F. Schön, ɗan mishan ɗin nan Bajamushe wanda daga baya ya wallafa littattafai a kan harshen Hausa tun daga 1843.

Masu shirya tafiyar sun ɗauki batun lafiya da muhimmanci, sai dai sun gina shirin nasu a kan ra'ayin gurɓatacciyar iska. Wani masani mai suna David Boswell Reid ya ƙera wa jiragen na'urar da ke tace iska ta cikin sinadarai kafin ta shiga ɗakunan kwana. An kuma yi ƙoƙarin wuce fadamun bakin teku da sauri, bisa zaton cewa da an hau cikin ƙasa haɗari ya wuce. Jiragen sun shiga kogin a tsakiyar watan Agusta, aka ƙulla yarjejeniya da Obi Ossai na Aboh da kuma Attah na Igala a Idah, kowa yana cikin ƙoshin lafiya. A farkon watan Satumba zazzaɓi ya ɓarke a dukkan jiragen. Ilmin likitanci na yau ya bayyana dalilin wannan jinkiri, domin bayan cizon sauro ƙwayar cutar takan fara zama a cikin hanta, alamomi ba sa bayyana sai bayan mako ɗaya zuwa biyu, wani lokaci ma fiye da haka. Wato mutanen da suka kwanta a Idah sun ɗauko cutar ne tun a ƙasan kogi.

Kafin ƙarshen Satumba an mayar da Soudan da Wilberforce teku ɗauke da majinyata. Albert ya ci gaba har Eggan ta ƙasar Nupe, amma a farkon Oktoba shi ma ya juya. Jami'an jirgin da injiniyoyinsa duk sun kwanta, har ta kai likita McWilliam ne yake tuƙi, wani masanin duwatsu mai suna Stanger kuma yana kula da inji ta hanyar duba littafi. Ƙididdigar da McWilliam ya bayar ta nuna cewa daga cikin Turawa 145, mutum 130 sun kamu da zazzaɓi, kimanin 40 suka mutu. Daga cikin baƙaƙen fata 158 da ke aiki a jiragen kuwa, 11 ne suka kamu, kuma babu wanda zazzaɓin ya kashe. An yi watsi da gonar gwajin a 1842, gwamnatin Ingila kuma ta ɗauke hannunta daga kogin fiye da shekara goma.

3.5 Kwinin da Tafiyar 1854

A 1820 wasu masana haɗa magunguna biyu 'yan Faransa, Pelletier da Caventou, suka ware sinadarin kwinin daga ɓawon sinkona. Wannan ya ba da damar auna adadin da za a ba majinyaci daidai. A Aljeriya, likitan sojan Faransa François Maillot ya rage zubar da jini ya koma ba da kwinin mai yawa a 1834, mace-mace suka ragu ƙwarai a asibitinsa. Haka nan a tafiyar 1841 ɗaya daga cikin likitocin, T. R. H. Thomson, ya gwada shan kwinin a kai a kai, bai kuwa kwanta ba sai bayan da ya koma Ingila ya daina sha. Daga nan Alexander Bryson na rundunar sojan ruwa ya tattara rahotannin jiragen da ke aiki a gaɓar Afirka ta Yamma, ya wallafa sakamakonsa a 1847, inda ya ba da shawarar a riƙa ba mutane kwinin tun kafin su kamu, a kuma ci gaba da ba su na wani lokaci bayan sun bar inda cutar take.

Damar gwada wannan shawara ta zo a 1854. Labarin da Barth ya aika cewa ya ƙetare Binuwai a Adamawa a 1851 ya sa gwamnati ta haɗa kai da Laird aka tura jirgi guda mai suna Pleiad. Wanda aka naɗa ya jagoranci tafiyar, John Beecroft, ya rasu a tsibirin Fanando Po kafin a tashi, sai jagoranci ya koma hannun William Balfour Baikie, likitan sojan ruwa. An rage yawan Turawa zuwa 12, sauran ma'aikatan su fiye da 50 duk 'yan Afirka ne, kuma an wajabta wa kowane Bature shan kwinin kullum. Jirgin ya shiga kogin a watan Yuli, ya hau Binuwai har yankin Muri, ya wuce inda Turawa suka taɓa kaiwa ta ruwa da kimanin mil 250, sannan ya fito a watan Nuwamba. Wasu sun ɗan yi zazzaɓi, amma babu wanda ya mutu.

Ya kamata a lura cewa Baikie bai san musabbabin cutar ba, kamar yadda Park da Trotter ba su sani ba. Sai a 1880 Alphonse Laveran ya ga ƙwayar cutar a cikin jinin majinyaci a Aljeriya, a 1897 kuma Ronald Ross ya gan ta a cikin sauro a Indiya, sannan Giovanni Grassi da abokan aikinsa a Italiya suka tabbatar a 1898 cewa anofilis ne yake kai ta ga mutum. Nasarar 1854 ta samu ne daga ƙididdiga da gwaji, wato lura da wanda ya sha magani ya tsira da wanda bai sha ba ya kwanta, da kuma amincewa da cewa rigakafi ya fi magani.

3.6 Abin da ya Biyo Baya

Daga 1857 jiragen kasuwanci suka fara hawa kogin a kai a kai. Baikie ya dawo a wannan shekara a jirgin Dayspring, wanda ya bugi dutse ya fashe kusa da Jebba, amma shi ya zauna a ƙasar kimanin shekara bakwai. Ya kafa mazauni a Lakwaja, ya yi hulɗa da Etsu Masaba na Nupe, ya kuma ziyarci Kano a 1862. Ya rasu a Saliyo a watan Disamban 1864 a kan hanyarsa ta komawa gida. A kan wannan harsashi ne kamfanin George Goldie ya ginu, wanda ya samu izinin mulki daga gwamnatin Ingila a 1886, har zuwa ranar 1 ga Janairun 1900 da Lugga ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja.

Masanin tarihi Daniel Headrick ya lissafa kwinin a cikin makaman da suka ba Turawa damar mallakar Afirka, tare da jirgin tururi da bindigogin zamani. Wannan ra'ayi yana da ƙarfi, amma bai kamata a ɗauka cewa magani shi kaɗai ne ya kawo mulkin mallaka ba, domin kusan shekara hamsin ce tsakanin tafiyar Pleiad da faɗuwar Sakkwato, kuma gasar kasuwanci da ta siyasa tsakanin Ingila da Faransa da Jamus ta taka tata rawar. Haka kuma Turawa sun koyi darussa biyu da ba na kwinin ba. Na farko, sun dogara da sojoji da 'yan dako 'yan ƙasa, Turawa ƙalilan suna ba da umarni. Na biyu, sun daidaita yaƙe-yaƙensu da yanayi kamar yadda fatake suke yi, shi ya sa aka ci Kano a watan Fabrairu, Sakkwato kuma a watan Maris na 1903, duk a cikin rani.

Bayan an gano rawar da sauro yake takawa, wasu masana suka nuna cewa yaran ƙasa ne suka fi ɗauke da ƙwayar cutar a jininsu. Gwamnan Ikko, William MacGregor, wanda likita ne, ya ga cewa mafita ita ce a yashe fadamu a kuma raba kwinin ga kowa. A Arewa kuwa Lugga ya bi hanyar ware unguwannin Turawa, tare da barin fili mai faɗin yadi 440 wanda ba a gini a cikinsa tsakanin bariki da mazaunin 'yan ƙasa. Wannan manufa ta kare ma'aikatan mulkin mallaka, amma ta bar yaran birni da ƙauye a cikin halin da suke tun da can.

Har yanzu wannan nauyi bai sauka ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke, kuma mafi yawan waɗanda cutar ke kashewa a Afirka yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. A 2012 hukumar ta ba da shawarar a riƙa ba yaran yankin Sahel magani wata-wata a duk tsawon damina tun kafin su kamu, wanda shi ne ainihin dabarar da aka gwada a kan Turawa 12 a 1854. A watan Disamban 2024 kuma aka fara yi wa yara allurar rigakafin cutar a jihohin Kebbi da Bayelsa, waɗanda dukkansu Kogin Kwara ya ratsa.

3.7 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda damina take haifar da yawaitar sauro a daidai lokacin da Kogin Kwara yake ɗaukar jirage, da yadda wannan ya jefa matafiya cikin haɗari. An kuma ga cewa likitocin Turai sun ɗora laifin cutar a kan gurɓatacciyar iska, suka yi magani da zubar da jini da zaiba, wanda hakan ya ƙara yawan mace-mace. An bi tafiye-tafiyen Park da Clapperton da Barth ta ƙasa, da na Laird da Trotter ta ruwa, sannan aka kwatanta su da tafiyar Baikie ta 1854. Kwatancin ya nuna cewa yanayin ƙasa yana samar da haɗari ne kawai, amma yawan waɗanda haɗarin zai ci ya danganta da lokacin tafiya, da irin ilmin da aka tafi da shi, da kuma wanda aka ba magani. A ƙarni na 19 da farkon na 20 baƙi ne suka fara cin moriyar wannan ilmi, yaran ƙasa kuwa, waɗanda cutar ta fi yi wa ɓarna, sai bayan fiye da shekara 150 aka tsara musu irin wannan rigakafi na lokacin damina.